Ba Kowace Larura Ce Tsufa Ba

Akwai maganar da ake yawan faɗa wa mace idan ta haura shekara arba'in da biyar ta fara kokawa da jikinta. Ta ce hannunta yana mutuwa da dare, a ce mata girma ne. Ta ce wani zafi yana taso mata daga ƙirji zuwa fuska har zufa ta jiƙa mata zanin gado, ko da a tsakiyar hunturu, a ce girma ne, sai haƙuri. Idan ta matsa da kuka, sai a rufe zancen da cewa tsufa ba shi da magani. Masu faɗin haka yawanci masoyanta ne: mahaifiyarta, ko yayarta, ko maigidanta, ko aminiyar da ta riga ta shiga wannan hali, kuma da niyyar lallashi suke faɗa. Saboda haka raddin da zan yi musu na ladabi ne, irin wanda ƙarami yake yi wa manyansa idan ya ga abin da suka riƙa yana cutar da wanda suke so.

Maganar tana da tushe mai daraja. A hadisin Usama bin Sharik, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya umarci mutane da neman magani, ya bayyana cewa kowace cuta an saukar mata da maganinta, sannan ya togace tsufa shi kaɗai. Babu mai jayayya da wannan. Shekarun da suka wuce ba sa dawowa, kuma duk likitan da ya yi wa mutum alkawarin mayar da shi ɗan ashirin, kuɗinsa yake nema. Inda na saɓa da iyayenmu shi ne yadda muka riƙe togaciyar muka saki umarnin. Mun faɗaɗa tsufa har ya haɗiye cututtukan da suke da suna, da sababi, da magani sananne. Mace mai shekara arba'in da takwas da take koyarwa a makaranta, ko take riƙe da shago, ko take aurar da 'ya'ya, wataƙila tana da shekara ashirin ko talatin a gaba idan Allah ya yi mata tsawon rai. Da wane irin jiki za ta yi waɗannan shekarun?

Bari mu fara da hannu, don shi ne aka fi rainawa.

A wuyan hannun kowane mutum akwai wata 'yar hanya matsattsiya. Ƙananan ƙasusuwa ne suka kewaye ta ta ƙasa da gefe, wata tsoka mai tauri kamar majanyi ta rufe ta ta sama. Ta cikin wannan hanya ne jijiyoyin lanƙwasa yatsu guda tara suke wucewa, tare da jijiya guda ta ji, wadda take kai saƙo ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami. Idan wurin ya kumbura ko ya ƙara matsewa, ita wannan jijiya ce take shan matsa. Daga nan mutum zai fara farkawa cikin dare hannunsa ya sage, ko yana jin kamar ana tsira masa allurai, sai ya yi ta yarfe hannun kafin ya dawo daidai. Alamar da ta fi fito da larurar fili ita ce ƙaramin yatsa ba ya shiga ciki, domin wata jijiya ce daban take kula da shi. Likitoci suna kiran abin matsewar jijiyar wuyan hannu, kuma sun daɗe da saninsa: wani likitan tiyata Ba'amurke, George Phalen, shi ya bayyana shi sosai ga duniya tun a shekarun 1950, har yau kuma ana yin gwajin lanƙwasa wuyan hannu na minti guda da ake kira da sunansa.

Larurar ta fi kama mata, kuma ta fi yawa tsakanin shekara arba'in zuwa sittin. Ciwon suga yana jawo ta, haka ƙiba, da juna biyu, da raunin halittar nan ta gaban wuya wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ayyukan da ake maimaitawa da ƙarfin wuyan hannu suna tsananta ta, kuma ai mun san hannun matanmu ba ya hutawa: daka, wanki da matse kaya, tuƙin tuwo, kitso, ɗinki. Maza ma ba su tsira ba, musamman masu riƙe injin da yake girgiza hannu duk yini.

A gida, sunan wannan duka sanyi. Sai a shiga jiƙe-jiƙe, a je wa wanzami ya yi ƙaho ko tsaga, a aika yaro kemis ya karɓo haɗin ƙwayoyi a leda. A cikin haɗin nan sau da yawa akwai diclofenac, wanda yawan shansa yake jawo gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda, akwai kuma irin su dexamethasone da suke ɗaga suga da hawan jini su kuma raunana ƙashi. Zafin yakan lafa na 'yan kwanaki, amma matsin yana nan inda yake. Wata da watanni, sai kofi ya fara suɓucewa daga hannu, zare ya gagara shiga allura, ɓalle maɓallin riga ya zama aiki. A ƙarshe tudun naman nan na gindin babban yatsa sai ya fara lotsawa. Idan aka kai nan, jijiyar ta daɗe tana mutuwa a hankali.

Alhali tun da farko abin da ake buƙata ƙarami ne. Sau da yawa likita yakan fara da abin ɗaure wuyan hannu da ake kwana da shi don kada hannun ya lanƙwashe cikin barci. Idan bai isa ba, akwai allura da ake yi a wurin don ta sace kumburin. Ana kuma duba suga da sauran abubuwan da ka iya zama sila. Sai idan waɗannan sun gaza, ko an ga ƙarfin yatsa ya fara tafiya, ake zancen tiyata.

A nan ne wani tsoro yake shigowa, wato cewa jijiya ba a taɓa ta, wai duk wanda aka yi wa aiki a jijiya ƙarshensa shanyewa. Na fahimci inda tsoron ya samo asali. Kusan kowa ya san wani yaro da ƙafarsa ta lalace bayan allurar da wani marar ƙwarewa ya yi masa a ɗuwawu, kuma labarin aikin ƙashin baya da bai yi kyau ba yana saurin yaɗuwa fiye da labarin goma da suka yi kyau. Amma a aikin wuyan hannu ba jijiyar ake yankawa ba. Majanyin nan da ya danne ta ake tsagawa don ta sami sarari. Yawanci hannun kaɗai ake kashewa da allura, mutum yana farke, aikin ba ya cika wuce rabin awa, kuma a ranar ake komawa gida. Likitocin ƙashi da na tiyatar hannu suna yin sa a manyan asibitocinmu, irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kamar kowace tiyata, yana da haɗarinsa: ciwon na iya ruɓa, tabon na iya daɗewa yana zafi, kuma a wasu 'yan lokuta alamun sukan dawo. Duk da haka, mafi yawan waɗanda aka yi wa a kan kari suna samun sauƙi mai ɗorewa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da yake biyo bayan aikin, domin a nan ne ake yanke wa likita hukunci da wuri. Zafin dare yakan tafi cikin kwanaki kaɗan. Ana cire zaren ɗinkin bayan kamar kwana goma zuwa mako biyu. Amma sagewar yatsu da ƙarfin damƙa suna iya ɗaukar watanni kafin su dawo, kuma gefen tafin hannu yakan yi ta tsami na wani lokaci idan aka dogara da shi. Dalili shi ne jijiyar da ta lalace tana sake tofowa ne da kimanin milimita ɗaya a rana, wato kimanin inci guda a wata. Kamar ciyawar da aka ɗora wa dutse take: idan aka ɗauke dutsen da wuri, nan da nan za ta miƙe, idan kuwa ya shekara a kanta, sai a hankali, wani ɓangaren ma ba zai sake tsirowa ba. Naman da jijiya ta daina kai wa saƙo na sama da shekara guda yana wuyar farfaɗowa gaba ɗaya. Ke nan wadda aka ce wa ta yi haƙuri shekara biyar, sannan aka kai ta asibiti hannu ya riga ya rame, idan aikin bai mayar mata da komai ba, sai a ce ga shi nan, dama an ce jijiya ba a taɓa ta. Jinkirin ne ya ci hannun, amma tiyatar ake ɗora wa laifi, kuma da wannan labarin za a hana ta gaba zuwa.

Wani likitan Faransa, Jules Tinel, ya lura a 1915, lokacin da yake kula da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, cewa idan aka ƙwanƙwasa kan jijiyar da take farfaɗowa, mutum yakan ji wani tsirr kamar lantarki, kuma wurin da ake jin hakan yana matsawa gaba yayin da jijiyar take tofowa. Na kawo wannan ne don mai jinya ta san cewa ba kowane baƙon ji bayan aiki ne alamar lalacewa ba. Ta gaya wa likitanta, shi zai bambance mata.

Haƙurin da ake ta ambato, a nan ne wurinsa, kuma ba ita kaɗai ya hau ba. Macen da aka yi wa aiki a hannu tana buƙatar makonni ba ta ɗaga bokiti ba, ba ta matse wanki ba, ba ta tuƙa tuwo ba. Ana son ta riƙa ɗaga hannun sama a kwanakin farko, tana motsa yatsu, ta kiyaye ciwon daga ruwa. Malamanmu na fiƙihu sun riga sun sauƙaƙa mata alwala da hukuncin shafa a kan ɗauri. Idan likita ya tura ta wurin masu gashin ƙashi, ta je. To idan ranar da ta dawo daga asibiti aka bar mata girkin gidan da wankin yara, maigida da manyan 'ya'ya su san cewa da hannunsu a cikin duk abin da ya biyo baya.

Ba kowace mutuwar hannu ce daga wuyan hannu ba. Wata daga ƙashin wuya take, wata kuma, musamman idan ta haɗa da tafin ƙafafu biyu, suga ne yake cin jijiyoyi. Wadda kuwa ta zo farat ɗaya a ɓari guda, tare da karkacewar baki ko sarƙewar harshe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kuma a wannan sa'ar ake tafiya asibiti. Kalmar "girma ne" tana rufe duka waɗannan da mayafi ɗaya.

Sai batun ɗaukewar al'ada, wanda kunya ta sa ba a cika zancensa ba ko tsakanin uwa da 'ya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna kaiwa wannan mataki tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ana tabbatar da shi ne idan aka yi wata goma sha biyu a jere ba a ga jini ba. Ɗaukewar al'ada ba cuta ba ce, a nan iyayenmu suna da gaskiya, kuma mata da yawa suna wuce ta ba tare da wata wahala ba, wasu ma da farin cikin samun damar yin azumi da salla babu yankewa. Amma ga wasu, raguwar sinadarin istirojin da ƙwan mace yake samarwa yana zuwa da azaba: tasowar zafi sau da yawa a yini, zufar dare, rashin barci, bugun zuciya, saurin fushi, mantuwa, ciwon gaɓoɓi, da bushewar gaba da take mayar da shimfiɗar aure abin tsoro. Ƙashi ma yana saurin raguwa a shekarun farko bayan ɗaukewar, abin da yake sa karayar ƙugu ta yi yawa ga tsofaffin mata. Kuma abin ba na wata biyu ba ne. Wani dogon bincike a Amurka mai suna SWAN ya bayyana a 2015 cewa ga matan da zafin yake yawan taso wa, yakan ɗauki sama da shekara 7, ga baƙaƙen mata kuwa kimanin shekara 10. Shekara goma babu barcin kirki ba ƙaramin abu ba ne. Gidaje nawa ne aka ce uwargida ta canza hali, ta zama mafaɗaciya, har aka fara zancen sammu ko iska, alhali jikinta ne yake neman taimako?

Akwai magani, wato mayar wa jiki wani kaso na sinadarin da ya ragu, ta ƙwaya, ko man shafawa, ko wani ɗan manne da ake liƙawa a fata. Babu abin da ya kai shi kwantar da tasowar zafi da zufar dare, kuma yana kare ƙashi. Amma da an ambace shi, sai wanda ya ɗan yi karatu ya ce ai wannan shi ne yake kawo sankarar mama. Wannan magana ma tana da asali, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake.

A watan Yulin 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka, na shirin da ake kira WHI, wanda ya ƙunshi mata sama da 16,000. An ga cewa masu shan haɗin istirojin da wani nau'in furojestin sun ɗan fi sauran kamuwa da sankarar mama, da daskarewar jini, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon zuciya. Jaridu suka ɗauka cewa haɗarin sankara ya ƙaru da kashi 26 cikin ɗari, mata miliyoyi suka watsar da maganin, likitoci da yawa suka daina rubuta shi. Abin da bai kai kunnen jama'a ba shi ne, idan aka mayar da lissafin zuwa adadin mutane, ƙarin ya kama mata 8 a cikin kowace 10,000 a shekara. Sannan matsakaicin shekarun matan da aka yi gwajin da su 63 ne, da yawansu sun fi shekara goma da daina al'ada. A wannan gwajin dai an ga karayar ƙugu ta ragu. Ɗaya ɓangaren binciken kuma, na mata sama da 10,000 da aka cire wa mahaifa suke shan istirojin shi kaɗai, bai nuna ƙaruwar sankarar mama ba, ko da yake an dakatar da shi a 2004 saboda ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Bayan shekaru ana sake nazarin waɗannan alƙaluma, matsayar manyan ƙungiyoyin likitocin mata a yau ita ce: ga mace mai lafiya da ba ta kai shekara 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, kuma alamun suna takura mata, amfanin maganin yakan rinjayi haɗarinsa. Wanda ake shafawa ko liƙawa a fata ya fi na haɗiya sauƙin haɗarin daskarewar jini. Wanda ake sakawa a gaba don bushewa kuwa kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa yake shiga jini, kuma ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan haɗe-haɗen da ake sayarwa a kasuwa ba a san abin da ke cikinsu ba.

Ban ce kowace mace ta sha ba. Haɗarin sankarar mama ga mai shan haɗin biyu na gaske ne, kuma yana ƙaruwa da tsawon shekarun sha. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko take da ciwon hanta mai tsanani, ba nata ba ne, kuma akwai wasu magungunan da ba na wannan sinadari ba da likita zai iya ba ta. Wadda mahaifarta take nan ba ta shan istirojin shi kaɗai, dole a haɗa mata da furojestin, in ba haka ba bangon mahaifa zai yi kauri har ya iya zama sankara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba maganin da za a aika yaro kemis ba ne, ba kuma wanda ƙawa za ta ɗiba wa ƙawarta ba ne. Wurin likitan mata ake zuwa, a auna jini, a duba mama, a ji tarihin dangi, sannan a yanke shawara tare, a kuma riƙa komawa ana dubawa.

Akwai rukunin matan da maganar "girma ne" ta fi zalunta: waɗanda al'adarsu ta ɗauke kafin shekara arba'in, da waɗanda aka cire wa mahaifa tare da ƙwai saboda ƙari ko wata larura suna da sauran ƙuruciya. Su jikinsu ya rasa sinadarin tun lokacinsa bai yi ba, kuma shawarar likitoci ita ce a mayar musu da shi har zuwa shekarun da aka saba daina al'ada, sai idan akwai dalilin da ya hana, don kare ƙashinsu da zuciyarsu. Duk wadda aka yi wa irin wannan aiki tana da haƙƙin ta tambayi likitanta ko an cire ƙwan ko an bar shi, da abin da ya kamata ta yi a kai.

Na san abin da wani zai ce: duk wannan zancen masu hali ne. Gaskiya ne kuɗin asibiti ya yi tsada, likitocin mata da na tiyatar hannu sun taru a birane, kuma matar da take ƙauye mai nisa da Kano ko Zariya ko Damagaram ba za ta same su a bakin ƙofa ba. Sau da yawa "sai haƙuri" hanya ce ta rufa wa talauci asiri, kuma ba zan zargi wanda ba shi da shi ba. Amma a lissafa abin da ake kashewa a shekara uku kan jiƙo da ƙaho da ledar kemis da masu cire sammu, a gwada shi da kuɗin mota da na kati da na awon suga. Kuma ko babu kuɗin magani, sanin sunan larurar yana da amfaninsa. Mijin da ya san cewa rashin barci ne yake sa matarsa faɗa zai sassauta mata. Matar da ta san cewa ba haukacewa take yi ba, ba kuma jifanta aka yi ba, za ta daina zargin kishiya ko maƙwabciya.

Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don haka roƙona na musamman ga iyayenmu mata ne da malamai mata na Islamiyya da ungozomomi, domin su ake fara kai wa kuka. Idan ƙanwarku ta zo da zancen hannu ko zafin dare, ku lallashe ta kamar yadda kuka saba, sannan ku tambaye ta yaushe abin ya fara, waɗanne yatsu ne, ko ta auna suga da hawan jini a bana. Idan kuwa ta ce ta ga jini bayan ta shekara da ɗaukewar al'ada, ko da ɗigo ne, kada a ce mata al'ada ce ta dawo. Sau da yawa dalilin ƙarami ne, amma yana iya zama alamar farko ta sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, waɗanda ake iya magancewa idan aka gano su da wuri. A raka ta wurin likitan mata a cikin makon.